Takalmin da Na Cire wa Haƙora

Ba zan taɓa mantawa da abin nan ba, ko na so mantawa mutanen bakin gulbi ba za su bar ni ba. Shekarar ita ce wadda ta biyo bayan ciwon nan da ya sa kowa ɗaure hanci da tsumma, har liman yana huɗuba ta bayan ƙyalle. Ba a kai ga rufe gadar kan iyaka ba tukuna, kamiyoyi, manyan motocin kaya, na ta jerin gwano daga Malanbil suna shigowa Gaya. A shekarar ce ruwa ya ci shinkafar mutanen Tanda, a cikinta kuma aka haifi jikata Balki. To, ku lissafa da kanku, ni ban shiga makarantar lakwal ba.

Ni ɗiyar Sarkawa ce gaba da baya, masunta tun kaka da kakanni. Uwata ta ce naƙudata a cikin jirgi ta kama ta, da ƙyar aka kai ta tudu. Na yi wa maigidana tuƙi, Allah ya jiƙansa, tun ina amarya har furfura ta fito mana tare: shi a gaba yana jefa komar birgi ko yana jan tarun kalli, ni a baya da filafili ina riƙe masa jirgi. Da ya rasu ɗana ya gaji gaban jirgin, ni kuma ban saki baya ba. (Ɗan farina ne, ba na kama sunansa. Mai-jirgi nake ce masa, ku ma haka za ku ji.) A duk tsawon shekarun nan ban taɓa sa takalmi a kan ruwa ba, ban kuma taɓa faɗuwa ba. Yatsun ƙafata sun san katakon jirgi kamar yadda tsaka ta san bango. Ina faɗin haka a gidan suna, ina faɗi a gidan biki, ko ba a tambaye ni ba.

Abin alfaharina na biyu tsabta. Kun san abin da ake faɗi a kanmu matan masunta, wai ana jin zuwanmu kafin a ga fuskarmu. Ni tun ina yarinya na rantse ba za a faɗe shi a kaina ba. In na taso daga gulbi sai na cuɗa jikina da sabulu da lemun tsami har fata ta yi zafi, in turara zanena, sannan in shiga mutane. Tsakar gidana kuwa, in fura ta zube kana iya kwashewa ka sha.

Asalin maganar ƙurungu ne. Wanda bai san shi ba, wani ɗan kifi ne mai ƙayoyi, mai gurnani in an kama shi, ba ya yafiya ko bayan ya mutu. Wata safiya na taka shi a cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgi, ƙayar ta shige mini tafin ƙafa. Ba shi ne na farko ba. Na matse jinin, na ɗaure da tsumma, na ci gaba da harkata. Amma wannan karon ƙafar ta ƙi. Ta kumbura ta koma kamar tulu, sai a kan moto, wato babur, aka kai ni likita. Majo, babban malamin jinyar wurin, ya tsaga, ya wanke, ya ɗebi jini a yatsana, ya dawo da fuska a ɗaure.

"Tsohuwa, kina da ciwon sukari. Mai irin ciwon nan ba ya wasa da ƙafa, ƙaramin miki sai ya cinye ta duka. Daga yau ko tsakar gida za ki fita, da rufaffen takalmi."

"Ɗana," na ce, "ni ko shayi ba na sha, ina na samo sukari?"

Bai yi dariya ba. Mai-jirgi da ke tsaye a bakin ƙofa shi ma bai yi ba.

Da ƙafar ta warke na ɗauko filafilina, sai ya tare ni a zaure. "Inna, gulbi ya ishe ki haka. Ki zauna ki kula da bandar kifi, ga Hadi tana taya ki." Hadi matarsa ce, yarinya mai kunya, ɗiyar manoma daga Yelu, wadda har yau in jirgi ya ɗan karkata sai ta kama salati.

Na koma ɗaki na juya fuska bango. Hadi ta kawo tuwo na ce na ƙoshi, ta kawo kunu na ce na ƙoshi. (Ina da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin matashi, amma wannan tsakanina da Ubangijina ne.) Ku da ba ku tashi a ruwa ba, ba lallai ku gane ba. A tudu ni tsohuwa ce kawai, mai tsawata wa jikoki da korar awaki. A kan ruwa kuwa in na karkata filafili, jirgi bi yake. Kuma can gaban jirgin, inda maigidana ya saba tsayawa, katakon ya goge daidai tafin ƙafarsa. Daga inda nake zama ina hangen wurin kullum. A tudu ba ni da abin da zan kalla irin wannan.

Mai-jirgi ya gaji ya shigo ya durƙusa. "To Inna, ga sharaɗi. Zan saya miki takalmin jirgi. Ba ki shiga sai da shi, ba ki cire shi a kan ruwa. Kuma ranar da kika faɗi, ko sau ɗaya ne, kin gama da gulbi. Ba yajin tuwo ba, ko yajin numfashi za ki yi."

"Ni ce zan faɗi?" na ce. "Kira shaida."

Ya kira Gado. Gado taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, tsohon masunci mai ido ɗaya da rabi, wanda tun muna tsirara bai taɓa buɗe baki ya faɗa mini magana mai daɗi ba. Ya zo ya zauna a kan turmi ya ji sharaɗin, ya ce, "Na shaida. Amma a saya mata ƙafa huɗu, tsohuwar akuya ba ta tsayuwa da biyu."

"Kai da ka faɗa ruwa kana fitsari, har kana da baki?"

"Ni ruwa ya kira ni. Ke kuwa ko ruwa gudunki yake, kada ki wanke shi da lemun tsami."

Da la'asar muka tafi rumfar Sumana, wani mutumin Dandi da ke sayar da takalman roba a kan gangaren da ake sauka bakin gulbi. Shi ya ce a kawo ni da la'asar, wai a lokacin ƙafa take cika, in an auna da safe takalmi sai ya matse da rana. Ni idona tun daga nesa ya faɗa kan wani fade ja mai ƙyalli, na nuna shi.

"Fofo, Inna," ya gaishe ni da harshensu. "Wannan na zuwa biki ne. Ba ya da maɗaurin dunduniya, taku ɗaya a cikin jirgi zai tafi Najeriya ya bar ki."

Na nuna na fata. Ya ce fata ta sha ruwa ta bushe, sai ta koma ƙirgi ta yi mini kanta, ga shi majo ya ce ba a son miki. Mai-jirgi ya ɗauko wani dogo mai kaiwa gwiwa, irin na masu aikin shinkafa. Sumana ya karɓe shi ya mayar. "Wannan a fadama ya yi. A jirgi in mutum ya faɗa ruwa, cika yake ya ja shi ƙasa kamar an ɗaura masa dutse."

Sannan ya zaro wani abu daga ƙasan buhu. Baƙi ne wuluk, rufaffen baki, da huji-huji a gefe don ruwa ya fita, da maɗauri ta bayan dunduniya. Ya lanƙwasa shi a hannu ya nuna mana yadda yake da taushi. Ya juya ƙasansa: haƙora ne layi-layi, kamar bakin kifin tsage. Ban taɓa ganin mummunan takalmi irinsa ba. Ya sa mini, ya danna babban yatsansa a gaba ya ga akwai sarari, ya ce in motsa yatsuna. Sai ya jawo wani guntun katakon tsohon jirgi, ya jingina shi a karkace, ya kwara masa ruwan kuɓewa daga wani gwangwani, ya ce in hau. Na hau. Na yi ƙoƙarin zamewa da gangan don in ƙaryata shi, takalmi ya ciji katako ya ƙi saki.

"Ya yi?" in ji Mai-jirgi.

"Ba laifi," na ce, "ga wanda bai iya tsayuwa ba."

Gaskiyar magana, wadda ban faɗa musu ba, takalmin ya yi. Ƙurungu ya yi ta gurnani a ƙarƙashina ina taka shi ban ji komai ba. Da sanyin asuba ƙafata ba ta ƙagewa. Har Mai-jirgi ya shiga yabon Sumana, masunta suka yi ta hawa gangare suna saye, bakin gulbi ya cika da baƙaƙen takalma kamar an yi mana anko.

Amma haƙoran nan suna da hali. Duk abin da suka taka sai sun riƙe: laka, ɓawon kifi, majinar tarwaɗa, guntun hanji. In na shigo gida sai ka ga sawuna layi-layi tun daga zaure har ƙofar ɗaki, a tsakar gidan nan da nake taƙama da shi. In wanke da soso, in bi layin da tsinke, in shanya a rana, amma ƙarni na can maƙale a lungun da tsinke ba ya kai.

Ana haka aka yi suna a gidan wata Hajiya da ke sayen bandata, matar wani mai kamiyoyi a cikin gari. Na yi wankana na lemun tsami, na ɗaura zanen da ya kwana a kan turare, na zura takalmina (majo ya hana fade, ba ni da wani), na tafi. Na tuɓe shi a bakin ƙofa cikin takalman matan gari, masu tsini da masu duwatsu, na shiga na zauna a kan darduma ina ba su labarin ƙafata da ba ta taɓa faɗuwa ba. Can sai na ji wata daga waje tana cewa, "Wai wa ya yar da kan kifi a nan ne? Ku ga ƙuda." Na leƙa. Takalma sun fi a ƙirga a bakin ƙofar nan, amma duk ƙudajen unguwar a kan nawa suka yi taro, kamar an raba musu goron gayyata. Hajiya, Allah ya saka mata, ta fito ta ture su da ƙafa bayan randa, ta ce, "Na Inna ne, ku bar su, aiki suka yi." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ko waina ban tsaya ci ba.

A hanya na yanke shawara. Na ce ai ba takalmin ne ke wari ba, haƙoran ne. Ni kuma ba haƙora ke riƙe ni a jirgi ba, ƙafata ce, tun kafin a haifi wanda ya ƙera su.

Washegari da azahar, Mai-jirgi na barci a zaure, na ɗora wuƙar fere kifi a kan garwashin banda har ta yi ja, na kifa takalmi a kan turmi, na shiga aske haƙora layi bayan layi. Suna narkewa suna faɗuwa kamar ana yankan alewa. Hadi ta fito daga madafa tana toshe hanci.

"Inna, me ke ƙauri haka?"

"Sauro nake kora."

Ta matso ta gani. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce a hankali, "Inna, ni na ga kamar haƙoran nan su ne..."

"Ke kika haife ni?"

"A'a, Inna."

"To, tuwonki na kamawa."

Ta koma. Ni kuma ban tsaya nan ba, don ba na aiki rabi da rabi. Na ɗauko dutsen da nake goge kaushi na bi ƙasan nan har ya yi sumul kamar bayan ƙwarya. Da na ga ya yi furu-furu, sai na lakato man kaɗe na shafe shi sama da ƙasa. Ya ɗauki ƙyalli. Na taka tsakar gida na waiwaya, babu sawu ko ɗaya. Na ce yawwa, yanzu ka zama takalmin mutane. Daga sama kuwa ba abin da ya sake, Mai-jirgi bai ga komai ba.

Safiyar da abin ya faru, lokacin baƙin ruwa ne, gulbi ya cika ya kwanta, kuma ranar kasuwar Malanbil ce. Muka ja kalli, Allah ya ba mu tarwaɗa irin wadda aka daɗe ba a gani ba, manya-manya, suna ta mutsu-mutsu a tsakiyar jirgi, yauƙinsu ya bi katako ko'ina. Duk safiyar a zaune nake ina tuƙi. Na ɗan ji ƙafata na sulɓewa in na dafa, na ce ruwa ne ya yi yawa a ƙasa, na kwashe da ƙwarya.

Muka nufo bakin gulbi. Ya cika maƙil: mata masu sarin kifi da darukansu, ƴan ƙetare, masu moto, masu jiran jirgin kasuwa, Gado a kan kifaffen jirginsa yana ɗinkin koma. Ni kuwa ina da al'ada. In mun yi kamu mai kyau, kafin jirgi ya taɓa ƙasa nakan miƙe tsaye a baya, in ɗaga filafili, in kira masu saye da sunansu, don kowa ya san jirgin wa ya shigo. Na miƙe. Na ɗaga filafili. Na buɗe baki na ce, "Ina matan..."

Ban ƙarasa ba. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta bi ta don kada a bar ta a baya. Na zauna daɓas, amma zaman bai tsaya ba, don daidai lokacin bakin jirgi ya dunguri yashi. Na taho daga baya, a zaune, kamar buhun shinkafa a kan gangare, na ratsa ta cikin tarwaɗa suna watsewa dama da hagu, na bi ta ƙarƙashin hannun Mai-jirgi, sai da na kai gaba na ƙare a cikin babban daron kifi, gindi a ciki, ƙafafu a sama. Jirgi ya karkata ya sha ruwa, tarwaɗar da ke gefe suka ce a gai da gida. Ɗankwalina ya tafi da filafili.

Da ma a gulbi na faɗa, da na nutsa na ɓulla can nesa da mutuncina. A'a. Ina nan cikin daro, na kasa fita, ƙasan takalmana na kallon jama'a, rana na haska su suna walƙiya kamar madubi. Aka ji muryar Gado shi kaɗai, bai ko ajiye allurarsa ba: "Sannu da sauka, Hajiya. Jirgin sama kika biyo?"

Mai-jirgi ya ciro ni. Ya duba ƙafafuna, ya duba kaina, ya ga ba jini. Sai ya zare takalmi ɗaya ya juya ƙasansa. Na ga fuskarsa ta sake.

"Inna, wannan ba laifinki ba ne. Sharaɗinmu na nan, ba ki karya ba. Dubi abin da mutumin nan ya sayar mana. Ko wata biyu bai yi ba ya cinye haka. Da a tsakiyar gulbi ne fa?"

Ya haura gangare da takalmi a hannu. Masunta suka bi shi, kowa na ɗaga ƙafa yana duba nasa, wasu har sun fara cewa su ma nasu kamar ya soma lashewa. Wani ya ce a kwashe rumfar a zuba a ruwa.

To, ku tsaya ku ji inda nake. Ɗana da bakinsa ya wanke ni a gaban shaida. In na yi shiru, gobe da asuba ina bayan jirgina. Hadi kaɗai ta sani, ita kuwa ko an sa mata wuƙa ba za ta tona surukarta ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi shirun. Na bi su a baya ina ɗingishi, ƙafa ɗaya da takalmi, zane na ɗigar da yauƙi, ina ce wa zuciyata ai Sumana namiji ne, zai ji da su.

Na tarar Mai-jirgi ya buga takalmin a kan tebur, yana cewa, "Na yarda da kai, na kawo maka mutane, ka so kashe mini uwa." Sumana ya miƙa hannu. Ya ɗauki takalmin ya shafa ƙasansa da yatsa. Ya karkata shi wajen haske, inda wuƙa ta bar ɗan tabo a gefe. Ya kai shi hanci ya shinshina. Man kaɗe ba ya ɓuya. Ya ɗago ya dube ni ta tsakanin kafaɗun mutane, ni ma na dube shi. Ya san sharaɗin, don a gabansa Mai-jirgi ya maimaita shi ranar da muka saya.

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri. Wataƙila daga inda aka ƙera shi ne. Zan sake wa Inna wani."

Jama'a suka ɗauki hayaniya, ai ga shi ya amsa. Wani ya fara tuɓe nasa yana jefawa cikin rumfa. Mutumin nan da rumfar yake ciyar da gidansa, ya tsaya zai haɗiye abin da ni na dafa, don tsohuwa ta ci gaba da shiga jirgi. Faɗuwa cikin daro ba ta ƙona ni kamar wannan ba.

"Ku dakata," na ce. Ba wanda ya ji. Na ɗauki gwangwanin ruwan kuɓewar nan na buga a tebur. "Na ce ku dakata. Kowa ya mayar da takalminsa ƙafarsa. Ba abin da ya sami takalmin Sumana. Ni na aske shi."

"Kika me, Inna?" in ji Mai-jirgi.

"Na aske haƙoran. Da wuƙa mai zafi. Na goge da dutsen kaushi." Tunda an fara, a gama. "Na shafa masa man kaɗe."

"Don me?"

"Yana tara ƙuda."

Ban san wa ya fara ba. Na dai ga wata mai sarin kifi ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Sai abin ya bi gangaren nan har bakin ruwa, har waɗanda ba su ji ba suna dariya suna tambayar me aka ce. Gado, wanda ya lallaɓo da sandarsa, ya share ido mai kyaun ya ce, "Jama'a ku gode wa Allah. Da an bar ta da jirgin, da ta shafa masa mai shi ma, mu same su a Lokoja." Sannan ya juyo wajena. "Ƴar'uwa, garin gyaran gira kin tsokale ido. Amma wallahi ƙuda ko ɗaya bai sauka a kanki ba da kina cikin daro, na lura."

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Sumana da ɗana. Mai-jirgi ya kama hannun Sumana da hannu biyu ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Sannan ya cire nasa takalmin ya ajiye a gabana, don ƙafata ɗaya tana ƙasa, ya wuce gida ba takalmi.

Ya cika maganarsa. Ni ma ban yi yajin tuwo ba, da wane ido? Washegari ina jin sa ya ɗauki filafili ya fita, na yi kamar ina barci. Na zauna gindin banda ina juya kifi, hayaƙi na shiga mini ido, abin da ya taimaka, don in Hadi ta ga hawaye sai in ce hayaƙi ne. Har baƙin ruwa ya janye, tsibirai suka fito, ban taka jirgi ba, ban kuma roƙa ba.

Abin da na yi shi ne, na zaɓi bandar tarwaɗa mafi kyau na naɗe a takarda, na hau gangare da la'asar na ajiye wa Sumana. Na ce ya ba ni mai haƙora, wanda ya fi na da muni in akwai. Na hau katakon kuɓewa da kaina, a gaban masu wucewa, ana nuna ni da baki. Na kawo shi gida na ajiye a ƙofar ɗaki inda duk mai fita zai gani. Ba don in shiga jirgi ba, na ce wa Hadi, don tsakar gida ne. Ita ce ma ta kafa ƙusa a bayan zaure, ta ce in na dawo daga bakin ruwa in rataye shi can, ta kuma samo mini wani rufaffe mai taushi na shiga mutane. Takalmi biyu. Dubi dabarar da ta gagare ni, ni da nake ganin na fi kowa wayo a unguwa.

Takalmin ya daɗe a ƙofar ɗaki Mai-jirgi na tsallake shi. Wata asuba, bayan salla, na ji ya tsaya. Ya yi gyaran murya.

"Inna, kin tashi?"

"Na tashi."

"Sa takalmin ki fito."

Na sa na fito. Yana riƙe da filafili biyu. Bai miƙo mini ba, ya ce, "Ɗaga ƙafa." Na dafa bango na ɗaga ta dama, ya haska da tocila, ya bi haƙoran da yatsa. "Ɗayar." Na ɗaga ta hagu. Sannan ya ba ni filafilina, ya ce, "A zaune za ki riƙa kiran masu saye. Muryarki na kaiwa."

Har yau haka muke yi. Kullum asuba sai na ɗaga wa ɗan da na haifa ƙafa, kamar jakin da ake tayawa a kasuwa, kuma ba na gardama. Abin da na koya a tsufana ke nan: abin da ke kwaso maka laka, sau da yawa shi ne ke riƙe da kai, kada ka yi saurin goge shi. Kuma in za ka yi wauta, kada ka yi ta da kyau irin tawa.

Cikin waɗanda na ambata, majo an ɗauke shi zuwa Jiwunju, ban san labarinsa ba. Hajiya mai suna ta rasu bara waccan. Sumana na nan a rumfarsa, gemu ya yi fari, in na wuce sai ya ce, "Fofo, Inna, haƙora lafiya?" Hadi na nan, Mai-jirgi na nan, ni ma ga ni. Gado ne ya tafi da daminar da ta wuce, Allah ya jiƙansa. Shi ke ba da labarin nan a da, duk inda mutum uku suka taru, ya kwanta da baya a kan yashi ya ɗaga ƙafafu sama da tsufansa, ina zaginsa yana ƙarawa. Tun da aka rufe shi ba wanda ya sake bayarwa, wai suna jin nauyina. Shi ya sa na ce bari in ba ku da kaina. Ku yi haƙuri da nawa, shi ya fi ni iyawa.